Beatrix Potter, matar da ta yi shekara goma tana zanen laimar kwaɗi

'Yan'uwa, kamar yadda muka saba a fitowar bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu, mun ware wannan shafi don tarihin wata mace da ta daɗe da barin duniya. Bana mun leƙa Ingila. Sunanta Beatrix Potter, kuma duniya ta fi saninta da ƙananan littattafan yara, musamman labarin wani zomo marar jin magana mai suna Peter, mai shuɗiyar riga. Wataƙila wasu cikin 'ya'yanmu sun taɓa cin karo da shi a laburaren makaranta ko a katun. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kafin zomon nan ya kawo mata ko sisi, ta yi wajen shekara goma tana bin daji da kwando, tana tsinto laimar kwaɗi, tana zana ta da fentin ruwa. Zanen da ta bari na wannan halitta sun kai 350 ko kusa da haka, kuma har yau masana na iya duba su su faɗi sunan kowace iri.

Mun dai san laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza. Da damina ta sauka sai a wayi gari a gan ta ta ɓullo a kan juji, ko gindin suri, ko jikin ruɓaɓɓen kututture, kafin kwana biyu kuma ta narke. Masana sun haɗa ta dangi ɗaya da funfunar da ke kama gyaɗa idan ba ta bushe ba, da yis ɗin da ke kumbura mana fanke, har da abin da ke kawo makero a kan yara. A zamanin Beatrix ana lissafa wannan dangi cikin tsirrai. Sai daga baya aka ware musu gidansu daban, domin ba su da ganye, ba sa haɗa abincinsu da hasken rana, ruɓaɓɓen abu suke ci ko su rayu a jikin wani.

An haife ta ranar 28 ga Yuli, 1866, a wata unguwar masu hali a birnin Landan. Dukiyar gidansu ta auduga ce ta ɓangaren uwa da uba. Kakanta na wajen uba yana da babbar masana'antar buga zane a jikin yadi a arewacin Ingila. Mahaifinta Rupert ya karanta aikin lauya amma bai damu da yin sa ba, ya fi son ɗaukar hoto. Ba a sa ta makaranta ba. Haka ake yi wa 'yan matan irin waɗannan gidaje, a ɗauko malama ta zauna a gida tana koya musu. Ƙanenta Bertram, wanda ta girma da shekara shida, shi aka tura makarantar kwana. Ita kuwa tana can saman bene, ba ƙawaye, sai dabbobin da ita da ƙanen suka tara a ɗakin karatu: zomaye, ɓeraye, bushiya, ƙadangare, kwaɗi, har da jemage. Idan wata dabba ta mutu sukan dafa ta su fitar da ƙashin, su jera shi su zana. Uwar da za ta shiga ɗakin 'yarta ta tarar da wannan aiki, mun san abin da za ta ce, amma a nan yarinyar ta koyi yadda gaɓoɓin dabba suke a ƙarƙashin fata.

Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar ta fara rubuta abin da ke ranta a wani littafi, da wasu haruffa da ta ƙirƙiro don kada kowa ya karanta. Ta ci gaba da haka har 1897. Ba wanda ya iya warware rubutun sai a 1958, shekara goma sha biyar bayan mutuwarta, lokacin da wani mutum mai suna Leslie Linder ya gano mabuɗinsa. Yawancin abin da aka sani game da shekarun ƙuruciyarta daga nan ya fito.

Sa'ar da ta yi ita ce hutun bazara. Kowace shekara iyalin kan kwashe kaya da barori su bar Landan wata uku. Tun tana ƙarama suna zuwa Sikotland, wani gida a bakin kogin Tay kusa da garin Dunkeld, daga 1882 kuma suka fara zuwa yankin tafkuna da duwatsu na arewa maso yammacin Ingila. Ƙasa ce mai ruwa da laima da inuwar itatuwa, irin wadda laimar kwaɗi ke so. Tana da shekara ashirin da 'yan kai ta fara zana su. Da farko kyansu ne ya ja ta. Akwai ja mai ɗigo-ɗigon fari, wadda guba ce, akwai ruwan ɗorawa, akwai mai santsi kamar an shafa mata mai, akwai mai fitowa jere a jikin itace kamar an kafa faranti.

A nan ya kamata mu tsaya mu ga dalilin da ya sa wannan zane ya wuce abin kashe lokaci. Ganye ko fure ana iya danne shi cikin takarda ya bushe, a ajiye shekara ɗari, mai bincike ya zo ya duba. Laimar kwaɗi ba ta yarda da haka. Idan aka bar ta ta ruɓe, idan aka busar da ita ta yamutse launinta ya gudu. Hoton wancan zamani kuwa baƙi da fari ne. Saboda haka wanda ke son ya nuna wa wani masani a wani gari ainihin abin da ya tsinto, ba shi da hanya sai ya zana shi da launinsa, kuma ya yi sauri, domin abin yana lalacewa a gabansa. Fentin ruwa kuma ba ya yafe kuskure. Idan buroshi ya sauka a inda bai kamata ba, ba a iya rufe shi da wani fenti kamar yadda ake yi da na mai. Duk wadda ta taɓa yin lalle ko ɗinkin hula ta san irin wannan aiki, inda hannu ɗaya ake da shi.

A 1892 ta samu malamin da ya juya mata aikin. Sunansa Charles McIntosh, tsohon mai raba wasiƙu ne a ƙauyukan Dunkeld. Ya yi shekara talatin da wani abu yana taka mil goma sha biyar ko kusa da haka a rana da jakar wasiƙu, yana kallon gefen hanya, har ya zama ba wanda ya kai shi sanin tsirrai da laimar kwaɗin yankin. Tun yana saurayi injin yankan katako ya cinye masa yatsun hannun hagu. Mutum ne mai tsananin kunya, ita ma haka, ga kuma tazarar da ke tsakanin 'yar masu kuɗi da ma'aikacin gidan waya. Duk da haka aka shirya ya zo ya ga zanenta, ya kuwa yaba. Suka yi yarjejeniya: idan ta koma Landan zai riƙa aiko mata da sababbin iri ta gidan waya, ita kuma ta zana kowanne sau biyu ta aika masa da ɗaya. Wani lokaci kunshin kan iso ya riga ya fara wari.

Gyaran da ya yi mata shi ne abin lura. Ya nuna mata cewa zane mai kyau kaɗai bai isa masani ya gane iri ba. Sai ta tsaga laimar gida biyu ta zana cikinta, ta nuna yadda siraran layukan da ke ƙarƙashin hular suka haɗu da sandar, ko sun manne mata, ko sun gangaro a jikinta, ko ba su taɓa ta ba sam, domin a nan ake bambanta iri da iri, wani lokaci ma a nan ake bambanta ta ci da mai kisa. Ya koya mata sunayensu na ilimi. Daga nan takardunta suka sauya. Za a ga laimar a tsaye cikin ciyawa ko ganyen da ta fito a ciki, a gefe ga ta a kife, ga ta a tsage, ga ƙaramarta ga tsohuwarta, sannan ga suna da wuri da kwanan wata. Ba ta ji haushin gyaran ba don ya fito daga bakin talaka, kuma wannan na cikin abin da ya sa muka zaɓe ta. Wasu daga zanen da ta aika masa suna gidan tarihi na garin Perth har yanzu.

Akwai kwana biyu a rayuwarta da suka ba mu mamaki. Ranar 3 ga Satumba, 1893, a harabar gidan da suka sauka a Dunkeld, ta zana wata laimar kwaɗi baƙa mai ɓawo-ɓawo da ba kasafai ake ganinta a ƙasar ba, har ta yi taswirar wurin da aka same ta a bayan takardar. Washegari, 4 ga wata, ta zauna ta rubuta wasiƙa zuwa ga Noel, ɗan tsohuwar malamarta Annie Moore, yaro ɗan shekara biyar da ke fama da rashin lafiya. Don ta faranta masa rai sai ta ba shi labarin wasu zomaye huɗu, ta yi masa zanensu a cikin wasiƙar. Aikin ranar farko shi ta ɗauka da muhimmanci. Na rana ta biyu wasa ne kawai a wurinta, ta aika ta manta da shi har shekara bakwai.

Da tafiya ta yi nisa sai zane ya kai ta ga tambaya: ta yaya wannan abu ke haihuwa? Laimar kwaɗi ba ta da 'ya'ya irin na gero ko kuɓewa. Wani gari take zubarwa daga ƙarƙashin hularta, mai laushi fiye da ƙura, ƙwayarsa ɗaya ba ta ganuwa sai da madubin ƙara girman abu. Wanda ya kife hular a kan farar takarda ya bar ta kwana ɗaya zai ga garin ya zuba ya yi zane. Idan ƙwayar ta faɗi inda ya dace sai ta fitar da zare siriri, zaren ya yaɗu cikin ƙasa ko itace, shi ne ainihin jikin halittar, laimar da muke gani kuwa kamar furenta ce. A lokacin, mutane kaɗan ne a Ingila suka iya sa wannan gari ya tsiro a gabansu. Beatrix ta yi ta gwadawa a gida, a kan 'yan gilasai, tana dubawa da madubi sa'a bayan sa'a, tana auna tsiron tana zanawa. Ta nemi littattafan wani masani Bajamushe, Oscar Brefeld, ta karanta. A ƙarshe ta ce ta tsirar da iri arba'in zuwa hamsin.

Mijin gwaggonta, Sir Henry Roscoe, babban masanin kimiyyar haɗa sinadarai ne, shi ya tsaya mata. A 1896 ya kai ta lambun binciken tsirrai na Kew, ya sama mata takardar izinin karatu. Shugaban wurin, William Thiselton-Dyer, bai ɗauke ta a bakin komai ba, zanen ma da ƙyar ya kalla. Masanin laimar kwaɗi na wurin, George Massee, shi ma da farko ya yi shakka, amma da ya gwada abin da ta faɗa sai ya sauko. Ta rubuta takarda a kan tsirowar wannan gari, Roscoe ya taya ta gyarawa, aka miƙa wa ƙungiyar masana halittu ta Linnean a Landan. Ranar 1 ga Afrilu, 1897, aka gabatar da takardar. Mai ita ba ta cikin ɗakin, domin dokar ƙungiyar ba ta yarda mace ta zama mamba ko ta halarci zama ba. Massee ne ya gabatar a madadinta. Aka ce aikin na bukatar ƙari, ta janye takardar don ta gyara, ba ta sake mayar da ita ba, ba a taɓa buga ta ba, kuma ta ɓace. Sai a ƙarshen 1904 ƙungiyar ta fara karɓar mata. A 1997, shekara ɗari cif, ta amsa cewa ba a yi wa Beatrix adalci ba.

Gaskiya ɗaya ce, kada mu ƙara gishiri. Wasu marubuta kan ce ita ta gano cewa wani ɓawo da ke fitowa jikin dutse da itace halitta biyu ce ke zaune tare. Wannan wani masani ne ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya faɗe shi tun tana jaririya. Haka kuma aikin da aka yi a ɗakin gida, ba kayan tsabtace gilashi irin na ɗakin bincike, dole wata funfunar ta kutsa ciki ta rikita sakamako, don haka cewa takardar na bukatar ƙari ba lallai sharri ba ne. Inda aka cuce ta shi ne hana ta ɗakin da ake tattauna aikinta, da rashin wanda zai ce zo ga wurin aiki, ga malami, ƙarasa. Namiji mai irin idonta da an jawo shi ciki. Tana da shekara talatin a lokacin, ba aure, ba sana'a, ko tafiya za ta yi sai da izinin iyaye.

Daga nan ta karkata ga neman kuɗin kanta. Dama tun 1890 ta sayar wa wani kamfani zanen katin gaisuwa aka biya ta fam shida, ta ɗanɗana. A 1900 ta aro tsohuwar wasiƙar nan daga wurin Noel, ta faɗaɗa ta ta zama littafi. Kamfanoni da dama suka ƙi karɓa. Sai ta ciro daga ajiyarta ta buga kwafi 250 a Disambar 1901, suka ƙare. Kamfanin Frederick Warne kuma ya dawo ya karɓa, da sharaɗin ta yi zanen da launi. Ya fito a Oktoba 1902, kwafi 8,000, a kan sule ɗaya, kafin shekara ta ƙare an buga 28,000. Ita ta dage a yi littafin ƙarami daidai hannun yaro, kuma da araha.

Wanda ya ga zanen laimar kwaɗinta ya kuma buɗe waɗannan littattafai zai gane hannu ɗaya ne. Zomonta ko da riga a jikinsa zomo ne, ƙafarsa da kunnensa da yadda yake tsugunawa duk daidai. Ganyen da ke bayan agwagwa ko kurege ana iya faɗin sunansa. Shekarun da ta yi tana tsaga laima tana ƙirga layukanta su suka ba ta wannan ido, kuma shi ya raba littattafanta da na sauran masu zanen yara na zamanin. Ta yi ƙananan littattafai 23.

Ga kuma kan kasuwa. A 1903 ta ɗinka 'yar tsanar zomon da hannunta, ta je ta yi mata rajista a ofishin gwamnati don kada wani ya kwaikwaya ya sayar. Daga baya aka yi wasan allo, da takardar ado ta bango, da littafin fenti, duk da izininta kuma da kasonta. Inda aka yi sakaci shi ne Amurka: kamfanin bai yi wa littafin farko rajista a can ba, 'yan satar fasaha suka yi ta bugawa, ko kwabo bai shigo hannunta ba. Masu sabulu da man shafawa da yaji a cikinmu, da ke sa suna a jikin roba ba tare da rajista ba, a duba wannan.

A 1905 Norman Warne, wanda ke kula da littattafanta a kamfanin, ya nemi aurenta. Iyayenta suka ƙi, wai ɗan kasuwa ne, su da arzikinsu ya fito daga auduga. Tana gab da cika shekara 39, ta amsa masa duk da haka. Wata ɗaya bayan nan, ranar 25 ga Agusta, ya mutu da ciwon jini yana da shekara 37. A cikin wannan shekara ta haɗa kuɗin littattafai da ɗan gadon da wata gwaggonta ta bar mata ta sayi gona mai eka 34 da ake kira Hill Top, a ƙauyen Near Sawrey cikin yankin tafkunan nan. Ba ta kori manomin da ta tarar a ciki ba. Ta ƙara wa gidan ɗakuna, shi da iyalinsa suka ci gaba da zama, ita kuma tana zuwa daga Landan duk lokacin da hidimar iyaye ta bar ta, tana koyon noma da kiwo a wurinsa.

Kuɗi na shigowa tana sayen ƙasa. Lauyan ƙauyen da ke yi mata takardun ciniki, William Heelis, shi ta aura a Oktoba 1913, tana da shekara 47, bayan wata doguwar ja-in-ja da iyayen. Ba su haihu ba. Suka zauna shekara talatin. Idonta ya fara rauni, zane ya ragu, hankalinta ya koma kan tumaki, wani iri na duwatsun yankin da ake kira Herdwick. Ana haifarsu baƙaƙe, su yi fari-fari da girma, suna jure sanyi da ƙanƙara, kuma kowace tunkiya ta san yankin dutsen da uwarta ta yi kiwo, ba ta barinsa ko ba shinge. A 1923 ta sayi babbar gonar tumaki ta Troutbeck Park, wadda cuta ta addabi garkenta, ta ɗauko makiyayi gwani, Tom Storey, suka farfaɗo da ita har tumakinta suka riƙa cin gasa. Masu zuwa neman shahararriyar marubuciya sukan tarar da wata tsohuwa cikin takalmin katako da tsohon siket na ulu tana leƙa bakin rago. A 1919 ta haɗa kai da matan yankin suka kafa asusun ɗaukar ma'aikaciyar jinya mai zagaya ƙauyukansu, domin likita na da nisa.

A 1943 ƙungiyar masu kiwon wannan irin tumaki ta zaɓe ta shugaba mai jiran gado, mace ta farko. Ba ta kai ga hawa kujerar ba. Ta mutu ranar 22 ga Disamba, 1943, da ciwon huhu da na zuciya, tana da shekara 77. Ta bar fiye da eka 4,000 da gonaki goma sha wani abu ga hukumar adana wuraren tarihi ta National Trust, da sharaɗin a ci gaba da noma su da kiwon tumakin nan a cikinsu.

Zanen laimar kwaɗin kuwa ba ta taɓa zubar da su ba. Shekara arba'in da wani abu suna ɗaure cikin manyan jakunkunan takarda, ta yi wasiyya a kai su laburaren Armitt da ke garin Ambleside, kusa da gonakinta, suna nan har yau. A 1967 wani masanin wannan fanni, W. P. K. Findlay, ya rubuta littafin da mai shiga daji zai riƙe don gane iri-irin laimar kwaɗin Ingila. Hoto mai launi ya riga ya samu a lokacin, amma ya ɗauko fiye da hamsin daga zanenta ya sa a ciki. Kamfanin da ya buga littafin shi ne Frederick Warne, masu buga labarin zomo.